Daga Bindiga Zuwa Madubi: Tarihin Masu Duban Dinya a Slimbridge

A Ingila ta da, idan mutum ya ce ya ga baƙon tsuntsu, ba mai yarda da shi sai ya ajiye gawar tsuntsun a kan tebur. Bindiga ce shaida. Ta haka aka fara rubuta sunan ƙaramar dinya mai farin goshi cikin jerin tsuntsayen Birtaniya: a shekarar 1886 wani maharbi, Alfred Chapman, ya harbo guda ɗaya a gaɓar tekun Northumberland. Daga nan sai shiru, kusan shekara sittin.

Wanda ya sake gano ta shi ma tsohon maharbi ne. An haifi Peter Scott a 1909, ɗa ne ga Kyaftin Robert Falcon Scott wanda ya rasu cikin ƙanƙarar Antatika a 1912. A wasiƙarsa ta ƙarshe uban ya roƙi matarsa ta sa yaron ya so nazarin halittu. Yaron kuwa ya so su, amma da farko ta bakin bindiga. Ya yi samartakarsa yana kwana cikin taɓo yana dakon dinyoyin daji, yana harbinsu, yana kuma zana su, har zanen ya yi masa suna.

A watan Disamba na 1945, yaƙin duniya bai daɗe da ƙarewa ba, Scott ya je ƙauyen Slimbridge da ke bakin kogin Severn bisa gayyatar wani manomi mai son tsuntsaye. Suka laɓe a wani ɗan ɗakin kankare da sojoji suka bari, a gabansu dinyoyi wajen dubu biyu suna kiwo, galibinsu manyan masu farin goshi da suka gudo wa sanyin arewacin Rasha. Cikin wannan taro suka tsinto ƙananan guda biyu.

Aikin ba ƙarami ba ne, domin babbar da ƙaramar kamar wa da ƙani suke. Duka ruwan ƙasa ne, ƙafafunsu ruwan lemo, da baƙaƙen zane a ciki. Sai an natsu ake ganin cewa bakin ƙaramar gajere ne, farin goshinta ya haura har tsakiyar kai, ƙarshen fukafukanta ya zarce wutsiya, kuma tana kiwo da gaggawa fiye da na kusa da ita. Babbar alama ita ce siririn zobe ruwan ɗorawa da ya kewaye idonta. Mai dubawa yakan ɗora madubin hangen nesa ya bi garken kai bayan kai, yatsunsa sun sandare, yana jiran wadda yake zargi ta ɗago. Sau da yawa kafin ta ɗago wani abu ya firgita su, garken ya tashi gaba ɗaya, mai dubawa ya koma farko. 'Yan shekara ɗaya kuma su ne masu ɗaure kai, don farin goshin bai fito musu ba tukuna.

A wannan wurin Scott ya kafa ƙungiyarsa ta kare tsuntsayen ruwa a watan Nuwamba na 1946, wadda yau ake kira WWT. Ya gina rumfunan laɓewa masu 'yan tagogi domin kowa ya zo ya kalli tsuntsu a kusa ba tare da ya kore shi ba. Ya ƙirƙiro kama dinyoyi da ragar da roka ke shimfiɗawa a kansu, a sa musu zobe mai lamba a ƙafa a sake su. A 1951 da 1953 ya bi dinya mai ƙafa ruwan hoda har makwancinta a tsakiyar ƙasar Aisland, inda aka sa wa dubbai zobe. Abin da ya fi cancantar yabo shi ne ceton dinyar Hawai, wadda ake ce wa nene: a farkon shekarun 1950 kimanin talatin suka rage a daji, aka hayayyafa su a Slimbridge, daga 1962 aka fara mayar da su gida.

Kiwon dinyoyi a gandu ya zo da tasa matsalar. Yau idan aka hango dinya mai jan ƙirji, wadda ke ƙyanƙyasa a Taimir ta Saiberiya kuma take cin hunturu a bakin Baƙin Teku, tambayar farko ita ce: daga daji ta zo ko daga gandun wani ta tsere? Masana kan duba ƙafarta ko da zobe, su duba ko tana tsoron mutane, sannan su duba da wa ta zo. In cikin garken da ya taso daga Rasha ta sauka, maganarta ta yi ƙarfi.

Garken Slimbridge kansa ya ragu ƙwarai. Inda a shekarun 1960 ake ƙirga dubbai, yanzu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ba ƙarewa suka yi ba. Hunturun Turai ne ya yi sauƙi, sai suke yada zango a Holan da Jamus ba su ƙaraso ba.

An san haka ne saboda ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da aka fara a 1967, ana yin ta kowace Janairu. Wannan ƙidaya ta iso fadamar Haɗejiya da Nguru, inda ma'aikata ke shiga kwalekwale cikin hazo suna lissafi. Dinyoyin Rasha ba sa tsallako Sahara, don haka dinyar da ake gani a can tamu ce ta gida, mai ƙaho a fiffike, tare da kirinjijiya. Baƙin su ne ƙananan agwagin da ke tasowa daga Turai da Saiberiya, suna sauka dubbai a kan ruwan Dagona da ke cikin fadamar bayan damina, su juya arewa wajen watan Maris.