Sauye-sauyen Tsarin Mulki a Ƙasar Gombe da Koyar da Su a Darasin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce bin diddigin ire-iren tsarin mulkin da ƙasar Gombe ta gani daga 1804 zuwa yau, domin amfanin malamai da masu tsara manhaja. Kalmomin "sarauta", "mulki" da "gwamnati" sukan cakuɗe a bakin ɗalibai, har su ɗauka ma'anarsu guda ce. Ɗalibin da bai bambance su ba, da wuya ya san wanda zai tuhuma idan asibitin garinsu ya rasa magani. Za mu auna kowane tsari da tambayoyi uku: wa ke naɗa shugaba, wa ke da ikon tuɓe shi, kuma hannun wa haraji yake shiga?

2.0 Zamanin Daular Usmaniyya

Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Gombe a jihadin da aka soma a 1804, ya kuma yi hedikwata a Gombe Abba, kusa da kogin Gongola. Bayan rasuwarsa a 1841 sarauta ta zauna a zuriyarsa. Masu zaɓen sarki suke fitar da magaji, Sarkin Musulmi ya tabbatar, kuma masarauta tana aika gaisuwa Sakkwato. Shari'ar Musulunci ita ce ma'aunin da ake ɗora sarki a kai. Sai dai ikon nan bai game ƙasar duka ba. Yawancin al'ummomin tsaunukan kudu, irin su Tangale da Waja, sun ci gaba da tafiyar da al'amuransu ta hannun dattawa da shugabannin zuriya. Haka kuma Malam Jibrilla Gaini ya kafa tasa cibiyar a Burmi, ya gagari sarakunan Gombe har zuwan Turawa.

3.0 Mulkin Mallaka

Turawan Ingila sun shigo ƙasar a 1902, suka kama Malam Jibrilla. A ranar 27 ga Yuli, 1903, aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasa ransa. Turawa sun bar sarauta a wurinta, amma amsoshin tambayoyinmu uku duk sun sauya. Gwamna ne ya koma mai tabbatar da sarki da tuɓe shi, Razdan da Di'o suna sa ido, haraji kuma ana raba shi tsakanin baitulmalin En'e da gwamnatin mallaka. Mayar da hedikwata Nafada a 1913, sannan Doma a 1919, ya nuna inda iko ya koma, domin birnin Gombe na yau a wannan ƙaura ya samo asali.

4.0 Daga Tsarin Firaminista zuwa Mulkin Soja

Tsarin mulki na 1954 ya mayar da Nijeriya tarayya, Gombe tana cikin Lardin Bauchi na Jihar Arewa. Da aka sami 'yanci a 1960, tsarin Ingila aka bi: jam'iyyar da ta rinjayi majalisa ita ke fitar da Firaminista, majalisar kuma tana iya sauke shi. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗan wannan lardi, shi ya riƙe muƙamin. Sarakuna suna da majalisarsu a Kaduna. A 1963 ƙasar ta zama jamhuriya, aka daina ɗaukar Sarauniyar Ingila a matsayin shugabar ƙasa.

Juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya rushe wannan tsari. Janar Ironsi ya soke tarayya da Doka ta 34, Janar Gowon ya maido da ita, ya kuma ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, Gombe ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. A wannan zamani aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. A 1976 Gombe ta koma Jihar Bauchi, kuma gyaran ƙananan hukumomi na shekarar ya kawo ƙarshen En'e.

5.0 Tsarin Shugaba Mai Cikakken Iko

A 1979 aka ɗauko tsari irin na Amurka, inda jama'a ke zaɓen shugaba kai tsaye, aka kuma raba iko tsakanin masu zartarwa da masu yin doka da masu shari'a. Soja sun sake dawowa a ƙarshen 1983. Gwamnatin Janar Abacha ce ta ƙirƙiro Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, mai ƙananan hukumomi 11 a yau, sai a 1999 jihar ta zaɓi gwamnanta na farko, Alhaji Abubakar Habu Hashidu. Tsarin mulki na 1999 bai ba sarakuna wani aikin hukuma ba: Gwamna ke ba su sandar girma, kuɗin jiha kuma galibinsa daga asusun tarayya yake fitowa.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Kowane zamani ya bar sawunsa a harshe. Galadima da Ciroma daga Barno suka zo, Arɗo daga Fulatanci, Waziri da Alƙali da jamhuriya daga Larabci, Razdan da Di'o da En'e kuma daga Ingilishi. Saboda haka muna ba da shawarar a haɗa darasin aron kalmomi da wannan tarihi a manhajar babbar sakandare. A sa ɗalibai su tattaro sunayen sarautu da muƙamai na garuruwansu, su jera su bisa zamani, su amsa tambayoyin nan uku a kan kowane. A kuma daidaita ma'anoni a littattafai: "sarauta" ga muƙamin gargajiya, "gwamnati" ga hukumar da ke riƙe da ƙasa, "tsarin mulki" ga dokar da ta kafa ta. Malamai su kiyayi kiran Daular Usmaniyya "tarayya" ba tare da bayani ba, domin mubaya'a ce ta ɗaure masarautunta da Sakkwato, jihohin yau kuwa kundin tsarin mulki ne ya ɗaure su.