Ƙarkon Inji da Ingancin Birki: Nazari kan Ƙaramin Babur da Takardar Cancantar Hawa Titi a Garin Lafiya

Tsakure

Maƙalar ta duba alaƙar da ke tsakanin ƙarkon ƙaramin babur, mai inji si-si 100 zuwa 125, da binciken cancantar hawa titi, ta hanyar ɗaukar garin Lafiya na Jihar Nasarawa a matsayin fagen nazari. An yi amfani da tsarin dokar hanya ta Nijeriya, da sakamakon manyan bincike uku na Amurka da Turai, da lissafin tazarar tsayawa. Nazarin ya nuna cewa ƙarkon injin waɗannan babura shi ke rufe lalacewar birki da taya da fitila, kuma takardar da ake sabuntawa bayan watanni masu yawa ba za ta iya riskar lalacewar da ke aukuwa cikin makonni ba.

Gabatarwa

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta tashi daga garin sarauta da kasuwar amfanin gona ta zama mazaunin gwamnati. Ma'aikata sun taru, makarantu sun ƙaru har da Jami'ar Tarayya, unguwanni irin su Bukan Sidi da Tudun Kauri da Ombi suka yi ta faɗaɗa. Sufurin cikin gari bai bi sawun wannan girma ba, babur ne ya cike giɓin. Haramta acaɓa a tsakiyar Abuja cikin 2006, da a Jos cikin 2012, da a Kano cikin Janairun 2013, duk ya tura masu sana'ar neman garuruwan da ba a hana ba. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, har masu mota da dama sun koma kan babur.

Babur ɗin Lafiya aiki biyu yake yi. Da safe yana kan kwaltar titin Jos ko titin Shendam da ɗan makaranta ko ma'aikaciya a baya. Da rana yana kan burji daga wajen Assakio ko Doma, an ɗaure masa doya ko buhun agushi ko gawayi. Idan aka tambayi mai shi dalilin da ya sa ya zaɓi Bajaj Boxer ko Haojue ko TVS, amsar da aka saba ji ita ce "yana da ƙarko, ba ya shan mai." Gaskiya ya faɗa. Tambayar wannan nazari ita ce ko ƙarkon da yake nufi shi ne abin da takardar cancanta ke shaidawa.

Hanyar nazari

An raba kalmar aminci gida biyu. Akwai amincin babur, wato ya tashi idan an buga shi, ya kai mutum inda za shi. Akwai kuma amincin binciken kansa, wato idan jami'ai biyu suka duba babur ɗaya su yanke hukunci iri ɗaya, kuma hukuncin ya ci gaba da zama gaskiya har ranar da takardar za ta ƙare. Lissafin da ke cikin maƙalar na misali ne, an gina shi kan ƙa'idojin motsi da kowa zai iya maimaitawa.

Tsarin doka

A Nijeriya aikin ya rabu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988 kuma take aiki da dokar 2007, ita ke sintiri da tsara ƙa'idoji, ciki har da ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na 2012. Duba lafiyar abin hawa da ba da takardar cancanta kuwa yana hannun jami'an VIO na jihohi. Inshora tana ƙarƙashin hukumar NAICOM, wadda ta sa kuɗin inshorar dole ta babur a kan naira 3,000 daga Janairun 2023. A Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na babban birnin ba su da hurumin tsare abin hawa a kan titi, ko ƙwace shi, ko cin tara. Hukuncin ya shafi Abuja ne, amma ya fito da wata tambaya da ta shafi kowace jiha: idan tare hanya ba shi ne aikin ba, a ina za a duba babur, kuma da me?

Abin da bincike ya nuna a wasu ƙasashe

Ingila ta fara gwajin abin hawa a 1960, da farko ga waɗanda suka shekara goma, daga 1967 aka dawo da shi shekara uku. A can babur da ya wuce si-si 50 ba ya tsallake gwaji sai zanen tayarsa ya kai zurfin milimita 1 a kashi uku cikin huɗu na faɗinta. Tarayyar Turai ta yi doka a 2014 da ta wajabta duba babura daga Janairun 2022, amma waɗanda suka haura si-si 125 kaɗai, kuma ta bar wa ƙasashe ƙofar ɗaukar wasu matakan a madadinsa. Ke nan irin babur ɗin da ya cika Lafiya bai ma shiga cikin abin da dokar ta wajabta ba. Faransa ba ta fara ba sai 15 ga Afrilu 2024, bayan doguwar taƙaddama da zanga-zangar masu babur.

Masu adawa da gwajin suna da hujja. Rahoton Hurt na 1981, wanda ya bi diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Angeles, ya samu cewa lalacewar babur ta haddasa ƙasa da kashi 3 cikin 100, kuma yawancinsu sacewar taya ce. Binciken MAIDS na haɗurra 921 a ƙasashe biyar na Turai, cikin 1999 da 2000, ya samu cewa inda matsalar babur ta zama babban musabbabi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A Norwe, Stein Fosser ya wallafa a 1992 sakamakon gwajin motoci kusan 204,000 da aka raba gida uku ta hanyar ƙuri'a: wasu ana duba su duk shekara, wasu sau ɗaya a shekara uku, wasu ba a duba su sam. Bai sami bambanci a yawan haɗari tsakaninsu ba.

Waɗannan alƙaluma ba abin wofintarwa ba ne, sai dai ɗauko su a ɗora wa Lafiya kuskure ne. Baburan da aka nazarta ba na haya ba ne da ke yini a kan hanya, ba sa ɗaukar buhu, kuma kayan gyaransu na cikin kasuwar da ake sa wa ido. Abin da binciken Fosser ya fi koyarwa shi ne gwajin lokaci-lokaci ba ya ƙara komai a inda masu abin hawa suka riga suka saba kula da shi. Inda ba haka ba, amsar tana iya bambanta, kuma a nan ne ya kamata a dubi babur ɗin kansa.

Inda ƙarko yake, da inda babu shi

Zuriyar waɗannan babura tana komawa ga tunanin da ya haifi Honda Super Cub a 1958, wanda aka ƙera guda miliyan 100 zuwa 2017: silinda ɗaya, iska ke sanyaya inji, kafireta mai sauƙin wankewa, babu na'urar da bakaniken bakin titi ba zai iya kwancewa ba. Irin wannan inji yana jure baƙin mai da ya daɗe, yana jure ƙura, yana jure lodi. Idan ya samu matsala kuma, shi da kansa yake kai ƙara: ya ƙi tashi, ko ya yi hayaƙi, ko ya rage gudu. Ranar da fulogi ya mutu ɗan acaɓa ba zai samu ko kwabo ba, don haka a ranar zai gyara.

Birki ba ya kai ƙara. Yawancin baburan nan birkin durom ne gaba da baya. Idan aka taka feda, wani siririn ƙarfe yana jan hannun da ke jikin tayar baya, hannun ya juya wani ɗan ƙarfe mai faɗi a ciki, shi kuma ya buɗa shu biyu su matse jikin durom. Kullum fatar shu tana cinyewa, feda tana ƙara nitsewa. Maganin da kowa ya sani shi ne a tsuguna a ƙara murɗa notin da ke ƙarshen siririn ƙarfen, aikin da bai kai minti ɗaya ba, kuma ba a biya. Feda ta dawo daidai, mai babur ya ji birki ya kama. Duk wanda ya saba zama gindin bishiyar bakanike ya ga notin da aka murɗa har zare ya ƙare, aka cusa wani noti ko guntun bututu a baya don a samu ƙarin ja. A wannan matakin hannun birki ya karkace ya wuce kusurwar da yake da ƙarfi, ƙarfe ya fara cin ƙarfe, kuma ɗan ƙarfen ciki yana iya juyewa ya maƙale, taya ta ƙame ana cikin tafiya. Babur ɗin yana tashi da bugu ɗaya, inji yana ƙara mai daɗi. A wajen mai shi, lafiyarsa ƙalau.

Haka sauran sassan. Taya ta yi sumul tana tafiya har ranar da ruwan Agusta ya jiƙa kwalta. Ƙwan fitilar baya ya mutu, mai tuƙi ba ya ganinsa, direban tirela da ya fito daga Makurɗi ne ke buƙatarsa. Madubi kuwa sau da yawa da gangan ake cire shi. Akwai kuma tsoron birkin gaba, cewa yana wurgar da mutum, har wasu su bar wayarsa a sake, alhali idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, tayar gaba ce ta fi riƙe ƙasa. Lodi a baya yana ƙara wa birkin baya tasiri, amma bai isa ya maye gurbin na gaba ba.

Lissafi zai fayyace. Babur da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa. Idan birkinsa na rage mita 6 a kowace daƙiƙa daga wannan gudu, zai tsaya cikin mita 16 daga inda aka taka. A ɗauka babur da mai tuƙi sun kai kilo 175. A ƙara fasinja mai kilo 65 da buhu mai kilo 100, nauyi ya zama 340. Idan ƙarfin birkin ne ya yi iyaka, kamar yadda yake ga shu da ya cinye, tazarar ta koma kusan mita 31. Tsakanin 16 da 31 akwai yaron da ke tsallaka titi a bakin kasuwa.

Matsalar lokaci da matsalar ma'auni

A ɗauka ɗan acaɓa yana yin kilomita 100 a yini, kwana shida a mako. A shekara ya haura kilomita 31,000. Cikin wannan tafiya, da lodi da ƙurar rani da taɓon damina, sai ya canza shu da taya da sarƙa fiye da sau ɗaya. Saboda haka takarda, ta shekara ce ko ta wata shida, tana shaidar sassan da aka riga aka jefar. Ko da an yi binciken tsakani da Allah, gaskiyarsa ba ta wuce 'yan makonni. Idan kuma takardar ta zama abin da ake karɓa tare da sabunta lamba ba tare da an ga babur ba, ta koma rasiɗin haraji, kuma illarta ita ce ta sa hukuma da mai babur duk su ɗauka an yi wani abu.

Tsarin balas ya ƙara dagula lamarin. Inda mai babur daban, mai tuƙi daban, mai tuƙi yana neman cika kuɗin yini, mai babur yana jiran balas, kuɗin sabon shu ya zama abin da kowa ke tura wa ɗan'uwansa. Wanda aka saya kuma yana iya zama jabu.

Ta fuskar ma'auni, binciken ido kaɗai yana barin hukunci ga ra'ayin jami'i, kuma daga nan ne ciniki ke shigowa. Legas ta bi hanyar cibiyoyin gwaji masu kwamfuta, amma wannan tsari na mota ne, mai tsada, kuma ɗan acaɓa ba zai bar aikin yini ya bi layi ba. A ganina ƙaramin babur bai buƙaci wannan ba. Ma'aunin zurfin zanen taya ɗan ƙarfe ne da ke shiga aljihu. Lambobi huɗu na ƙarshe a hatimin gefen taya suna faɗin mako da shekarar da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Ragowar zaren notin birki da kusurwar hannunsa ana ganinsu a tsugune. Gwajin tsayawa yana buƙatar fili mai tsawon mita 40, da layi biyu na fenti, da buhun yashi mai nauyin fasinja.

Shawara

Wurin da babur ke zuwa kullum shi ne tashar 'yan acaɓa, inda ƙungiya ke yankar tikiti, da rumfar bakanike, inda ake juye baƙin mai. Nan ya kamata binciken ya koma: na minti biyar, duk wata, kan birki biyu da taya da fitilu da madubi da boris ɗin kan babur, ba tara a karon farko, sai wa'adin kwana uku a gyara a dawo. Jami'in VIO ya zama mai horar da bakanikai da mai bin sawu ba zato, yana sake gwada wasu daga cikin baburan da aka ce sun tsallake, domin a auna ko hukunci biyu sun zo ɗaya.

Ana iya jarraba wannan kafin a mai da shi doka, bisa tsarin da Fosser ya bi. A raba tashoshin Lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su shiga binciken wata-wata, rabi su ci gaba yadda suke. Ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Isa Mustapha Agwai su riƙa auna tazarar tsayawa a rukunin biyu, cikin rani da cikin damina, a kuma nemi haɗin kan asibitocin garin su riƙa rubuta tashar da kowane ɗan acaɓa da aka kawo da rauni ya fito, har tsawon wata goma sha biyu.