Takardar haihuwar ɗan takara: abin da doka ta tanada da yadda ake neman ganinta

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Nijeriya, cece-ku-ce kan shekarun 'yan takara da asalinsu kan sake kunno kai. Tushen batun yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya shardanta cewa mai neman shugabancin ƙasa ya zama ɗan Nijeriya ta hanyar haihuwa, ya kuma ƙayyade shekarun tsayawa takara. Bayan gyaran da aka yi a 2018, shekara 35 ake buƙata ga shugaban ƙasa da gwamna da sanata, 25 kuma ga ɗan Majalisar Wakilai. Gabatar wa hukumar zaɓe ta INEC takardar jabu na haramta wa mutum kujerar.

Shari'ar da aka fi tunawa da ita ita ce ta Salisu Buhari daga Kano, wanda ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 1999. Mujallar TheNews ta bankaɗo cewa a 1970 aka haife shi, ba 1963 da ya rubuta ba, wato bai cika shekara 30 da doka ta nema a lokacin ba, kuma bai yi karatu a Jami'ar Toronto ba kamar yadda ya yi iƙirari. Ya sauka a watan Yuli, kotu ta same shi da laifi, daga baya Shugaba Obasanjo ya yi masa afuwa. A Amurka ma, sai da Barack Obama ya fitar da cikakkiyar takardar haihuwarsa ta jihar Hawaii a Afrilun 2011 saboda masu shakkar asalinsa.

Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke da alhakin rijistar haihuwa, bisa dokar 1992 da ta wajabta hakan. Sai dai a ƙananan hukumomi irin su Jakusko da ke arewacin Yobe, inda akasarin manya a gida aka haife su, da yawa ba su da wata shaida sai takardar rantsuwar shekaru ta kotu. Doka ta amince da ita, amma abin da mutum ya faɗa da bakinsa ne a ciki. Saboda haka rashin takardar asibiti ba hujja ba ce ta ƙarya. Abin dubawa shi ne saɓani tsakanin takardun mutum ɗaya.

Dokar Zaɓe ta 2022, a lokacin da take aiki, ta umarci INEC ta liƙa bayanan 'yan takara a mazaɓarsu cikin kwana bakwai da karɓarsu, don mai zaɓe a mazaɓar Bade/Jakusko, alal misali, ya gani da idonsa. Ta kuma bai wa kowa damar biyan kuɗi ya karɓi kwafin da aka tantance cikin kwana 14, amma ta taƙaita ikon shigar da ƙara kan bayanan ƙarya ga wanda ya fafata a zaɓen fid da gwani na jam'iyyar, a Babbar Kotun Tarayya.

Hanya ta biyu ita ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a Mayun 2011. Ta wajabta wa ma'aikata amsa buƙata cikin kwana bakwai, sai dai ta keɓe bayanan sirri na mutane, sai idan mai su ya yarda, ko maslahar jama'a ta rinjayi sirrin.