Gwangwanin Fim Ɗin Malam

Duk wanda ya yi zamani da mu zai tuna malamin kimiyyar nan da ba ya rabuwa da kyamara a wuya. Bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, iyalinsa suka ba ni wani gwangwanin madara cike da fim ɗin da ya ɗauka daga 1974 zuwa 1978, an wanke amma ba a buga ba. Ranar wasanni, fareti, layin karɓar abinci, duk suna ciki. Sai dai kowanne ya nannaɗe tamau, ya ƙi kwanciya a kan gilashin sikana.

Wannan matsala tsohuwa ce. Tun 1889 kamfanin Eastman na Amurka ya fara sayar da fim na naɗi da aka yi da naitiret, abu mai saurin kama wuta. A farkon shekarun 1950 aka daina shi, asitet ya maye gurbinsa, kuma na Malam irin wannan ne. Fim hawa biyu ne: ledar ƙasa, da shafen jelatin inda hoton yake. Idan iska ta bushe jelatin ya kan tsuke ya janyo ledar, shi ne naɗewar. To, ku ƙiyasta hunturu arba'in da wani abu a cikin gwangwani.

Ban san haka ba lokacin. A tsakiyar hunturu na danne naɗi ɗaya da ƙarfi, sai na ji ƙas! Ya tsage ta kan hoton 'yan ƙwallonmu, har da mai tsaron gida wanda ya riga mu gidan gaskiya. Har yau abin yana ci mini rai.

Na haƙura sai Agusta, da danshi ya sauka fim ya yi laushi. Na sake naɗe kowanne ta baya, sako-sako, fuskar da ba ta sheƙi tana waje, na bar shi kwana biyu. Sannan na yanka hoto shida-shida, na sa tsakanin farar takarda, na ɗora ƙamus da manyan littattafai har mako uku. Wani ya ba ni shawarar dutsen guga, na ƙi, don zafi yana ɓata jelatin.

Yanzu hotunan suna kwamfuta. Akwai fuskoki da dama da na kasa ganewa, musamman 'yan aji ɗaya. Zan zo da su taronmu na gaba, in Allah Ya yarda. Kowa ya taho da tabaraunsa.