Taswirar Zafi: Mece Ce, Kuma Yaya Ake Haɗa Ta?

Taswirar zafi tebur ne na lissafi wanda aka shafa wa kowane gida launi gwargwadon adadin da ke cikinsa. Inda adadi ya yi yawa launi ya yi kauri, inda ya yi kaɗan ya dusashe. Da kallo ɗaya mutum zai ga inda ciniki ya yi zafi da inda ya mutu, ba sai ya bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba.

Dabarar ta girmi kwamfuta. A 1873 wani masanin ƙididdiga, Toussaint Loua, ya yi amfani da ita wajen nuna bayanan unguwannin birnin Paris na Faransa. Yau ana haɗa ta a Excel, Google Sheets, Power BI da Tableau, a ɗora ta a dashbod, wato allon da ke tara muhimman bayanan kasuwanci a shafi guda.

Yadda ake yi

Abu uku ake bukata: layuka, ginshiƙai, da adadi. Mu ɗauki mai sayar da dabbobi a kara, a Agege ko Akinyele. Layuka su zama ranakun mako 7, ginshiƙai watanni 12, kowane gida kuma yawan kan da aka sayar. Gida 84 kenan.

A Excel, tun fitowar 2007, za ka zaɓi lambobin, ka shiga Conditional Formatting, ka taɓa Color Scales. Google Sheets ma haka, a ƙarƙashin Format. A Power BI ana amfani da teburin Matrix, a sa launin bayan gida ya bi adadin.

Inda ake samun matsala

Launi yana bin ma'aunin da aka ba shi ne. Idan ka bar manhaja ta zaɓa da kanta, za ta ɗauki adadi mafi girma ya zama ƙarshen launi. To watan Babbar Sallah kaɗai zai yi jawur, sauran shekara ta koma fari fat, kamar ba a yi ciniki ba. Mai kallo sai ya ɗauka watannin duk ɗaya suke, ya yi odar tirela daga Arewa a lokacin da kasuwa ke kwance, dabbobi su zauna suna cin kuɗin abinci suna ramewa. Maganinsa, ka sa iyakar launin da hannunka, ko ka ware lokacin Sallah daban.

Kada ka sa jimilla cikin abin da ka zaɓa, don ita ma haka take ɓata ma'auni. Gidan da ba a rubuta komai ba, bar shi fanko, kar ka cika shi da sifili. Sannan ka guji haɗa ja da kore, domin akwai mutane, yawanci maza, da idonsu ba ya bambance su. Launi ɗaya daga haske zuwa duhu ya wadatar.