Europa Universalis V da Kanon shekarar 1337

Europa Universalis V wasan kwamfuta ne na dabarun mulki da yaƙi, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar ranar 4 ga Nuwamba, 2025. Mai wasa zai riƙe ragamar ƙasa guda, ya tafiyar da harajinta, fataucinta, addininta da rundunarta na kusan shekara 500, tun daga 1337.

Shekarar farawar ce abin dubawa ga Bakano. A wasan da ya gabace shi, na 2013, labari na farawa daga 1444, kuma Kano, Katsina da Zazzau na cikin ƙasashen da ake iya zaɓa. Komawa 1337 kuwa na nufin zamanin Sarki Tsamiya, wanda kundin Tarihin Kano ya ce ya yi fito-na-fito da masu bautar Tsumburbura. Wangarawa ba su iso daga Mali ba sai a zamanin Yaji (1349–1385). Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa ma saura fiye da ƙarni guda. Badala dai tana tsaye, domin Gijimasu ya riga ya soma gininta.

Inda gizo ke saƙar shi ne madogara. A ƙarshen ƙarni na 19 aka tattara kundin da ake jingina da shi, kuma masana na jayayya kan shekarun sarakunansa na farko. Duk yadda aka zana Kano a taswirar wasan, haka baƙi da dama za su fara saninta, alhali badalar gaske ruwan sama na zaizaye ta, gine-gine na cinye ta.