Gidan Gandu a Ƙarƙashin Dokokin Gwamnati

Gandu shi ne tsarin da gidajen manoman ƙasar Hausa suka daɗe a kansa: uba da 'ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Idan uban ya rasu, babban wa kan tsaya a madadinsa. 'Ya'ya su fita gona da sassafe su yi aiki har azahar, da la'asar kowa ya nufi gayaunarsa, wadda a yankin Maraɗi ake kira gamana, abin da ya samu a can kuwa nasa ne. Mai gida shi ne da iri da fartanya da garma, shi ne da ciyarwa, da kuɗin auren fari na kowane ɗa, da ragon suna, da kuɗin ƙasa idan sarki ya aiko. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma kowa ya san ranar da uba ya gaza ɗaukar nauyinsa, ɗa ya sami hujjar ware tukunyarsa.

Dokokin da suka fi taɓa wannan tsari ba don iyali aka yi su ba. Ta farko ita ce dokar bauta da Gwamna Lugga ya fitar a 1901, tun kafin Kano da Sakkwato su faɗa hannun Turawa a 1903. Dokar ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta kuma ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Waɗanda ke hannu ba ta sake su ba, sai dai su fanshi kansu a gaban alƙali, kuma sai 1936 aka soke bautar ɗungurungum. A hankali rinji, wato ƙauyen bayi, ya riƙa watsewa, aikin da bayi ke yi ya dawo wuyan 'ya'yan gida.

Abin da ya faru da mata ya fi ba da mamaki. A da, noma da itace da ɗiban ruwa aikin kuyangi ne, matan masu hali suna cikin gida. Da 'yanci ya samu, matan da suka fito daga bauta suka ƙi komawa gona, domin shiga kulle ita ce shaidar cewa mace 'ya ce. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau wajen 1949 zuwa 1950, ya danganta yaɗuwar kulle a ƙauyuka da wannan sauyi, kuma labarin Baba ta Karo da matarsa Mary Smith ta rubuta a lokacin ya nuna yadda rayuwar rinji take kafin ta wargaje. Gandu ya rasa hannun mata a gona, sana'ar mata kuma ta koma tsakar gida: ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, kaɗi. Mai kai kayan kasuwa da gida-gida ita ce 'yar talla.

Sai haraji. Dokar kuɗin shiga ta 1906 ta nemi haɗe kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da sauransu su zama abu guda, aka fitar da hakimai daga birni su zauna a gundumominsu don karɓa. Wuri ya daina aiki, hukuma sai sulalla take so. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manomi ya sami hanyar samun sulallan. Amma lokacin karɓa shi ne kaka, sa'ad da hatsi ba shi da daraja. Malamin haraji ya zauna a ƙofar dagaci da littafinsa, mai unguwa na kiran suna gida-gida, mai gandu da ke da baligai biyar sai ya biya na mutum biyar. Wanda bai da gyaɗa sai ya buɗe rumbu ya sayar da dammunan gero da araha, ya zo ya saye su da tsada da bazara, ko ya ci bashi a kan amfanin baɗi. Ko a shekarar yunwar Kakalaba ta 1914 ba a fasa karɓa ba.

A nan ne igiyar ta fara tsinkewa. Saurayin da ya shuka gyaɗa a gayaunarsa, ko ya tafi cin rani ya dawo da kuɗi a aljihu, yana iya biyan harajinsa da kansa, takardar ta fito da sunansa. Wanda ya biya wa kansa haraji kuwa, gobe zai iya biyan sadakinsa, kuma ba ya ganin dalilin da zai ba wa gandu safiyarsa. Hukuma ba ta ce kowa ya bar gidan ubansa ba, amma littafinta mutum ɗaya-ɗaya ya sani.

A ɓangaren da Faransa ta mulka abin ya fi tsanani. Harajin kai ya hau har kan mata da yaran da suka tasa, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Gidaje da dama sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Katsina da Daura da Sakkwato. Ɓangaren Ingila ma bai tsira ba: a yaƙin duniya na biyu an yi ɗiban gwamna, aka kwashi majiya ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, gonaki suka rasa masu noma su.

Rabon gado ya ƙarasa abin da haraji ya fara. A al'ada akan bar gonar mamaci a dunƙule a hannun babban ɗa. Da kotunan alƙalai suka kai gundumomi, duk magajin da ya so sai ya kai ƙara a raba bisa mazhabar Malikiyya, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Wannan ya ƙwato wa 'ya'ya mata da ƙanne haƙƙin da wa kan danne da sunan zumunci, kuma ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai gonar da ta ciyar da gida ɗaya, in an yanka ta gida takwas, ba ta riƙe kowa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar gandun 'yan'uwa ba ya daɗewa bayan mutuwar uba, gandun uba da 'ya'ya kuma a gidajen masu hali ya fi ƙarfi, don su ne ke iya cika alkawarin aure da haraji.

Bayan mulkin kai, a Najeriya shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗauke yaro daga gona da safe, ya kuma ɗauke yarinya daga talla. Turjiyar da iyaye mata suka yi ba ƙin boko kaɗai ba ce: ribar tallar nan ita ce jarin matar kulle, da ita ake tara kwanoni da gadon auren yarinyar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, manyan ayyukan noman rani kuma suka ci gonakin gado. A Bakalori, cikin Afrilu 1980, 'yan sanda sun buɗe wuta kan manoman da ke neman diyya.

A 1979 gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talakawa sun yi murna, mai gandu ya sauke kaya mai nauyi, amma 'ya'yan da suka riga suka fita ba su dawo ba. Inda gandu ya saura yau, sau da yawa ɗa ɗaya ne ke gida tare da tsoho, sauran suna Legas ko Abuja ko Kwatano, suna turo kuɗin taki da na 'yan ƙwadago ta waya da damina, da kaka a auna musu buhunansu.